Fiton Metir a Bakin Tsuntsu

Sun sare mangwaron gidanmu na Zongon Kotonu. Ban je na gani ba, jikata ce ta kawo mini hoton kututturen a waya, tana murna wai bene za a ɗora, ƙasa shaguna sama ɗakunan haya. Na karɓa na duba, na ce Allah ya sa alheri, to me zan ce? Yaran yanzu in suka ga itace, fili suke gani da aka tare. Ni kuwa tun ranar nake ta saurare kamar wadda ta yar da abu a kasuwa. Zongon da na sani da kunne ake fara saninsa. Da asuba ladan, bayansa kukan ƙarfen rijiya in ana jan guga, sai taɓare su ɗauka daga gida zuwa gida, sai matan ƙabilar Fon masu tallan akasa, wato kafar masara, su ratso lungu suna jan murya, can nesa kuma jirgin ƙasa ya yi kuka zai kama hanyar arewa. A tsakanin wannan duka tsuntsaye na ta sha'aninsu, ba mai kula su. Yanzu janareto ne ke tashin mutum, shi ke kwantar da shi, ga lasifikar masu sayar da waya, ga babura kamar ƙudan zuma. Ko tsuntsu ya yi kuka a bisa kanka ba za ka ji ba.

A gidan aka kawo ni amarya daga Avotrou, inda na girma a hannun kakata a bakin ruwa. Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Metir yake ce masa, ni ma da shi na samu mafita, tunda ba zan kama sunansa ba. Mahaifiyarsa Inna ta fi ni kunyarsa, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ko yarda a kama ta tana kallonsa. In tana son ya gyara zanen bayan gida, ni za ta kira, yana tsaye a gabanta, ta ce, “Amarya, ki gaya wa yaron nan zanen can ya karkace.” Ni kuma in juya in gaya masa, shi kuma ya amsa mini, kamar muna gaban alkali da tafinta. Matan yanzu da ke rungumar 'ya'yansu na fari a bakin titi suna kiran su da sunayen turare ba za su gane wannan ba, sai su ce ƙiyayya ce. Ni da na zauna da ita na san ba ta cin abincin dare sai ta ji shigowarsa.

Shigowar tasa kuwa ba ta ɓuya, saboda yana da wata ɗabi'a da ta hana Inna sakat. Fito yake yi. Da ya karyo kwanar lungunmu sai ya saki wani ɗan fito nasa, ya hau sama ya sauko ya sake ɗagawa a ƙarshe kamar mai tambaya, don in ji in zare sakatar ƙofa. Inna ta yi faɗa har ta gaji. “Ki gaya wa yaron nan fito kiran aljanu ne. Gidan nan ba tashar mota ba ce.” In na gaya masa sai ya yi dariya da fararen haƙoransa ya ce, “Ki gaya wa Inna aljanun Kotonu ma yajin aiki suke, ba mai zuwa.” A lokacin kuwa kowa yaji yake. An daɗe ba a biya malamai ba, bankuna sun rufe ƙofa da ajiyar mutane a ciki, lakwal ta zama wurin kiwon awaki. Metir ya ari babur ya shiga zemijan, wato acaɓa, yana ɗaukar fasinja daga kasuwar Dantokpa zuwa duk inda Allah ya nufa, ya dawo yana warin fetur. Abin da ban sani ba sai daga baya, ba mutane kaɗai yake ɗauka ba. Abokansa masu yajin aiki suna ba shi takardun da suke bugawa a ɓoye ya rarraba.

Zamanin tsoro ne, ban san yadda zan sa jikokina su ji nauyinsa ba. Yau yaro zai zauna a majalisar shayi ya zagi minista tun daga hula har takalmi, ya tashi ya tafi gida ya yi barci. Mu a lokacinmu in za a ambaci gwamnati sai an leƙa zaure, an sassauta murya, an kori yara. Ba ka san wa ke kai rahoto ba, mai shayi ne ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Wata ranar Laraba da la'asar ina tsince shinkafa, wani abokin sana'arsa ya turo babur ɗin har tsakar gida, ba Metir. Ya ce wasu mutane ne a mota marar lamba suka tare shi wajen kasuwar Missèbo, suka ɗaga kujerar babur suka ga takardun, suka sa shi a mota. Shinkafar nan ban san wanda ya kwashe ta ba. Baffa, ƙanin mahaifinsa, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar surukina, ya yawata kwamisariyar 'yan sanda da gidan kaso har takalminsa ya tsinke, ko'ina a ce ba a san da mai wannan suna ba. Ya dawo ya zauna a zaure ya ce, “Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.” Ina jin haushin maganar har yau, ko da yake na ga idonsa ya kaɗa.

Rani ya wuce a haka. Ina ɗebo ruwa, ina wanke-wanke, ina taya Inna ƙulla gyaɗa da take sayarwa, amma kunnena yana bakin lungu. Kowane babur ya rage gudu sai gabana ya faɗi. Ranar da ruwan farko ya kwana yana zuba, da sassafe na fito sharar tsakar gida, gari bai gama wayewa ba, sai na ji fiton nan nasa. Ya hau, ya sauko, ya ɗaga a ƙarshe. Na jefar da tsintsiya na ruga ba ko mayafi, na zare sakata. Lungu wayam, sai ruwa kwance da wata akuya a rakuɓe. Bayan gidanmu akwai wani kango da ciyawa ta cinye, reshen mangwaron ya ratsa har cikinsa, nan take zuciyata ta ba ni cewa ya gudo ne yana ɓoye a can, yana tsoron a gan shi. Ban gaya wa kowa ba, don a zamanin baki shi ke yanka wuya. Kullum da hantsi in zuba tuwo a kwano in rufe da faifai, in zagaya kamar mai zubar da shara, in ajiye a bakin kangon. Da yamma in tarar kwano fes. Na yi kwanaki ina godiya ga Allah, har ranar da na kama akuyar nan da kanta a ciki.

Ashe ba ni kaɗai nake ji ba. Inna tana ji, ta yi shiru, ta daina cin abincin kirki. Maƙwabciyarmu Hajiya mai atamfa a Missèbo ita ma ta ji, ita kuwa ba ta san shiru ba, ko a makabarta sai ta sami abokin hira. Kafin sati ya zagayo duk lungu sun san ana jin fiton Metir a kan mangwaro kullum asuba, ba a ganin kowa. Yara suka daina tsintar mangwaro. Ana cikin haka aka sako wani mutumin unguwar Zogbo daga wani kurkuku na arewa, Baffa ya je masa barka, mutumin ya ce ya san wani malamin lakwal ɗan Zongo, ya ga an fitar da shi a tabarma ba ya motsi, bai sake ganinsa ba. Daga nan magana ta haɗu. Hajiya ta shigo har ɗakin Inna ta zauna ta ce, “Inna, ki yi haƙuri, kurwarsa ce. Bai samu sutura ba, bai samu sadaka ba, shi ya sa yake dawowa ƙofar gidansu yana neman a buɗe masa. Ga fiton da kika yi ta hana shi, kin ga inda ya kai.” Inna ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta.

Da yammacin ranar Baffa ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Amarya,” ya ce, “abin da ya faru ya faru. Ran Juma'a bayan an sauko zan ga liman, a yi masa sallah, a yi sadaka. Ke kuma ki shiga takaba. Itacen nan ma zan sa a sare, mutane sun fara gudun gidan.”

“Baffa, wa ya ga gawarsa?”

“Wanda ya ga an fitar da shi ya faɗa. Kuma kina jin abin da kowa ke ji.”

“Ina ji, Baffa.”

“To. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ki je.”

Na tashi, amma ban san yadda na kai ɗaki ba. Takaba ba wasa ba ce. In na shige ta na yarda ke nan ya mutu, kuma duk Zongo sun yarda, ba mai sake zuwa kwamisariya ya tambaya, ba mai sake kai sunansa wurin kowa. In na fita daga cikinta iyayena za su zo su kwashe ni, manema su fara sallama. Mutum yana can wataƙila yana numfashi a bayan wani ƙarfe, mu kuma mu binne shi a nan da ƙosai da waina. Ban san yana raye ba, wallahi ban sani ba, tsoron da ke cikina ya fi na kowa. Amma na ƙi a kashe mini miji da jita-jita.

Washegari na riga kowa tashi, na zauna a kan turmi a gindin rijiya, na ce yau ko aljani ne sai mun ga juna. Duk kwanakin baya da na ji fiton sai in ruga ƙofa, ban taɓa tsayawa na ji abin da ke biyo bayansa ba. Ranar na dafe gwiwoyina na hana su tashi. Fiton ya zo, ya hau ya sauko ya ɗaga. Kafin in haɗiye yawu ya sake zuwa, daidai wa daida. Sai wani sauti daban, siriri, shi ma sau biyu. Sai wani mai kama da kukan ƙarfen rijiyarmu, sau biyu. Sai wani kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Haka ya yi ta jerowa, ba hutu, ba jiran amsa. Ashe na san wannan waƙar tun ina yarinya. A Avotrou, a kurmin bayan gidan Kaka, in damina ta faɗi akwai tsuntsun da ke tashinmu da ita. Kaka tana ce masa Ɗan-maimai, ban sani ba ko sunansa ke nan a wurin kowa ko ita ta raɗa masa. Tana juya kifi a kan wuta tana yi masa tsiya, wai ba shi da maganar kansa, abin da ya tsinta a bakin wasu yake tallatawa, kuma kowace sai ya faɗa ya sake faɗa kamar marar gaskiya. Metir bai taɓa yin fitonsa sau biyu a jere ba. Sau ɗaya yake yi, ya yi shiru yana jiran ƙarar sakata.

Jin kunne bai isa in tunkari Baffa da shi ba, sai na gan shi. Ganin kuwa ya ba ni wuya, domin a can ƙololuwa yake waƙar, cikin duhun ganye. Sai da rana ta ɗan ɗaga, waƙar ta tsaya, na ji motsi a busasshen ganyen da ke gindin itacen. Ga shi nan ya sauko kiwo. Bai kai kurciya ba, ya fi gwara. Bayansa ruwan ƙasa, babu ado ko kaɗan, ƙirjinsa toka-toka, gefen cikinsa da ɗan ja kamar an shafa masa manja, a maƙogwaro wasu siraran zane. Bakinsa ne kawai abin kallo, rawaya shar. Zai ɗan ruga da gudu ya tsaya cak, ya karkata kai, sai ya sa baki ya watsar da ganye gefe ya zaro tana. Sau nawa na kore shi da tsintsiya a wurin nan ban ko dube shi ba. Na zauna ina kallonsa ina hawaye, na rasa ko in gode masa ko in jefe shi.

Ranar Alhamis da daddare ban yi doguwar magana ba, na roƙi Inna da Baffa su ba ni asuba ɗaya. Baffa ya ce shirme, amma ya fito da carbinsa bayan sallah, ya tsaya nesa da itacen, don shi ma a ransa ba ya son kusantarsa. Inna ta zauna a tabarma ta lulluɓe har ka. Da fiton ya zo sai na ga kafaɗarta ta girgiza. Na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba, na ce, “Inna, tsaya, zai sake.” Ya sake. Na ce, “Yanzu ki ji rijiyarmu.” Kamar ya ji ni, bai daɗe ba ya kawo ta. Baffa ya daina jan carbi. Muka zauna har gari ya waye, Allah ya taimake ni tsuntsun ya sauko kan katangar kango, a fili, ya buɗe rawayan bakin nan, maƙogwaronsa na rawa, fiton Metir ya fito daga cikinsa muna kallo.

“Ikon Allah,” in ji Baffa. “Wannan ɗan abin ne ya hana unguwa barci?”

Na ɗauka Inna za ta yi murna. Ta daɗe tana kallon katangar bayan tsuntsun ya tashi, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Amarya, da kurwa ce, da na san inda yaron nan yake. Yanzu kin mayar da ni ban san komai ba.”

Maganar ta soke ni, don gaskiya ta faɗa. Ban kawo mata ɗanta ba, ban kawo ko labarinsa ba, na dai ƙwace mata ɗan abin da ta fara jingina da shi. Amma Baffa bai je wurin liman ba. Ya ce shaidar mutum ɗaya da bai ga an binne ba ba ta isa ba, a ƙara jira. Gatarin da aka aro aka mayar. Hajiya ta yi kwana biyu ba ta shigo ba, da ta shigo kuma cewa ta yi ai ita tun farko ta yi zargin tsuntsu ne.

Jiran da ya biyo baya ya fi na farko ɗaci, ba zan ɓoye ba. Damina ta ƙare, tsuntsun ya yi shiru, gidan ya zama ba fito ba labari. Akwai ranakun da na tashi ina tambayar kaina ko taurin kaina ne ya hana bawan Allah sadakar da yake bukata. Mata a wurin biki suna kallona, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Sai ƙasar ta fara juyawa. Aka tara manya da ƙanana a babban taro ana ta magana, rediyo na kawowa kai tsaye, Baffa ya fito da tasa zaure, lungu ya cika. Muna jin mutane na faɗin abin da jiya in ka faɗa sai an nemi gawarka, muna kallon juna, kowa na jiran ya ji harbi. Harbin bai zo ba. Aka ce za a buɗe gidajen kaso, aka fara sako mutane rukuni-rukuni. Kowace mota ta zo daga arewa Baffa yana tasha, ya dawo shi kaɗai, ya wuce ɗakinsa ba ya son mu haɗa ido.

Ranar da ya dawo ba wanda ya je tarbarsa, don ba mu sani ba. Da rana tsaka, ina wanki, aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali kamar baƙo. Na buɗe na ga wani dogon mutum a rame, riga na reto a jikinsa, kansa da furfura. Sai da ya ce “Amarya” na zube a wurin. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, ana kabbara, ana kuka, Hajiya na guɗa, Baffa ya aika aka yanka rago. Inna ta shige ɗaki ta ja labule, kunya ba ta bar ta ta fito ba, amma ita ta karɓi cinyar ragon ta soya da hannunta. Na lura duk wanda ya gaishe shi, hannu yake sawa ya rufe baki kafin ya amsa, na ɗauka gajiya ce.

Da jama'a suka watse ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Na kawo naman na ajiye a gabansa. Daga bayan labule Inna ta ce, “Amarya, ki gaya wa yaron nan, fiton da na ji a bakin tsuntsu ya ishe ni. Ya yi mini na gaskiyan in ji.”

Na juya zan gaya masa. Ya sauke hannunsa daga baki. Haƙoran gaba babu ko ɗaya, sama da ƙasa, leɓensa da tabon tsaga da ya warke a karkace. Ya tattara leɓen ya hura, ya sake hurawa, iska kawai ke fita. Ya yi ƙoƙarin yin dariya ya ce, “Ki gaya wa Inna ta yi nasara.”

Ban gaya mata ba, ta ji. Labulen ya ɗaga, ta fito, ta dubi fuskarsa sosai a gabana, abin da ban taɓa gani ba tun zuwana gidan. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauke kwanon naman daga gabansa, ta nufi turmi ta juye. Na tashi zan karɓi taɓarya ta ture hannuna. Tsohuwar da ta yi shekaru ba ta daka ba ta tsaya a tsakar gida tana kirɓa naman nan, tana tsayawa tana murza shi da yatsa ta ji ko ya yi laushi, ta sake komawa. Sai da ya zama kamar auduga ta kwashe, ta kawo da kanta ta ajiye a gabansa, ta ce masa, “Ci.”